Kuloci ya lalace, ina so in canza da kaina a gida, maiɗakina ta ce sam

Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Kano, ina da mata da 'ya'ya uku. Ina da Golf 3 mai injin 1.8 wadda Yayana ya saya mini a kan in riƙa biyansa kaɗan-kaɗan, har yanzu ban kai rabi ba. In na tashi daga makaranta nakan ɗauki fasinja da ita, da haka nake cike giɓin albashi. Bara kuloci ya lalace na kai wa makanikenmu, wani dattijo abokin marigayi mahaifinmu, Baba muke ce masa. Ya sa mini na Beljiyam. Ko shekara ba a rufa ba ga shi ya fara zamewa, in na taka totur sai injin ya yi ta kuka mota ba ta ja, ga warin ƙauri. Zuciyata tana raya mini Baba ya cuce ni, amma ina jin nauyin yi masa magana. Kuɗin kaya da na aiki yanzu sun kusa cinye albashin wata. Na kalli bidiyo da yawa a YouTube, na ga aikin ba wani abin a zo a gani ba ne, ina da jak da sufanu, kuma tun ina yaro hannuna na gyare-gyare ne. Niyyata in sayo kaya in ɗora motar a kan bulo a ƙofar gida, in yi aikin Asabar da Lahadi. Maiɗakina ta ce sam, har da kuka, tana tsoron mota ta danne ni, ta ce in na dage za ta gaya wa Yaya. Ni kuwa ba na so ya ji, kada ya ga kamar ban iya riƙon amana ba. Kwana biyu ke nan ba ma wata maganar kirki. Don Allah a ba ni shawara.

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya warware maka, ya sa albarka a nemanka. Mutumin da zai tashi daga aji da rana tsaka ya shiga mota ya nemi na cefane har dare ba rago ba ne, kuma tunanin da ka yi na yin aikin da hannunka tunani ne na mai kishin kansa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, Naira kuma ta faɗi, duk wani ƙarfe da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo, mai tsohuwar mota shi ya fi kowa sanin haka. Don haka ban ga laifinka ba da ka zauna ka yi lissafi.

Amma bari in fara da abin da ba zan yi maka kwana-kwana a kansa ba. Maganar bulo ka cire ta daga zuciyarka gaba ɗaya. A wannan gaɓar maiɗakinka ta fi ka gaskiya, kuma kukanta yana da dalili. Bulon siminti an yi shi ne don ya ɗauki nauyin da ya kwanta a kansa daidai wa daida a cikin gini. In ka ɗora masa ƙarfen mota a wuri guda, ba ya lanƙwasa ya ba ka alama, ba ya ƙara ka ji ka matsa, farfashewa yake yi lokaci ɗaya. Golf 3 ta haura kilo 1,000. Jak ɗin da ke cikin but kuwa na canjin taya ne, na mintuna kaɗan, kuma da sharaɗin babu wani sashe na jikinka a ƙarƙashin motar. Aikin kuloci ba irin wannan ba ne. Za ka kwanta a ƙasa, ka ja sufana da dukan ƙarfinka a kan notin da ya shekara da shekaru bai motsa ba, sannan ka rungumi giyabos, wato akwatin giya, ka jijjiga shi hagu da dama kafin ya saki. Kowace jijjiga tana tafiya har kan abin da motar ke zaune a kai. Ƙofar gida kuma, in irin tamu ce, ƙasa ce da rairayi, ga yaran unguwa da ba za su ga mota a sama ba su ƙyale ta.

Akwai wani abu kuma da bidiyo ba ya cika tsayawa a kansa. Giyabos ba a rataye yake kawai a jikin injin ba, yana cikin abubuwan da ke riƙe da injin ɗin a mazauninsa. A motarka, ƙarfen da ke riƙe injin ta gaba ma da kusoshin sitata aka haɗa shi. Da zarar ka kwance sitata da mazaunin giyabos na baya, injin ya rasa madafa a wannan ɓangaren, dole sai an tallafe shi, ko da sandar ƙarfe daga sama ko da wani jak na daban da katako daga ƙasa. Shi kansa giyabos ɗin nauyinsa ya kai kilo 30 ko fiye, kuma ba a hannu za ka karɓe shi kana tsaye ba, kana kwance ne ko a durƙushe, yana sauka saitin ƙirjinka ko yatsunka.

To, wannan na rai da lafiya ke nan. Yanzu mu zo kan bidiyon da ka kalla, domin ina da tambaya gare ka: na Golf 3 mai injin 1.8 ka kalla, ko na kuloci kawai? Ina tambaya ne saboda kulocin motarka a juye yake in aka kwatanta da na yawancin motoci. A Toyota ko Peugeot, fulawil, wato babban faifan ƙarfe mai nauyi, shi ake ɗaurewa a jikin karanshaf, sandar da injin ke juyawa, sai a ɗora faifan kuloci, wanda makanikai ke kira dis, sannan a rufe da firesha filet, farantin da ke matse faifan a jikin fulawil, boris ɗin da ke danna shi kuma yana nan kusa a cikin bakin giyabos. A Golf 3 irin taka mai giyabos samfurin 020, firesha filet ne ke fara hawa kan karanshaf da kusoshi 6. Daga nan sai wani ɗan farantin ƙarfe da zoben waya ke riƙewa, sai faifai, sai fulawil ya zo a ƙarshe ya rufe da ƙananan kusoshi 9. Boris ɗin kuwa yana can ɗaya ƙarshen giyabos, wajen tayar hagu, a bayan wani murfi da galibi kore ne. Wata siririyar sandar ƙarfe ce ke ratsa tsakiyar shaf ɗin giyabos daga can ta zo ta tura ɗan farantin nan in ka taka kuloci. Wanda ya haddace bidiyon wata mota ya buɗe wannan, abin da zai gani daban ne da abin da ya sa rai, kuma a lokacin motar tana sama, giyabos yana ƙasa.

Ba don in tsorata ka na kawo wannan ba. Na kawo shi ne domin a cikin wannan tsarin ne amsar babbar tambayarka za ta iya kasancewa, tambayar da ka tsallake ka wuce zuwa sayen kaya: me ya kashe kulocin bara? Kuloci mai kyau, a hannun direba mai kula, yana shekaru. In ya mutu kafin shekara akwai dalili, kuma in ba a gano dalilin ba, sabon da za ka sa shi ma hanyar da na baya ya bi zai bi, ko da hannunka ka sa shi ko da hannun wanda ya fi kowa iyawa.

Dalili na farko da ya fi sauƙin zato shi ne kayan kansa. Na Beljiyam kuloci ne da wani ya riga ya ci rabonsa a wata ƙasa, ba wanda ya san saura nawa ya rage masa. Fitila ko ƙofa ko madubi na Beljiyam ba laifi, sau da yawa ma sun fi sababbin jabu ƙarko. Amma faifan kuloci abu ne da ake ci kamar takalmin birki, kullum raguwa yake yi. Ka tuna da kyau yadda kuka yi da Baba bara. Shi ya zaɓa maka na Beljiyam ba tare da ya tambaye ka ba, ko kuwa ya faɗa maka kuɗin sabo ka ce ya yi yawa, a nemi mai sauƙi? Ba ka faɗa mini ba, kuma amsar tana da muhimmanci ga hukuncin da zuciyarka ke yanke masa.

Na biyu shi ne mai. Inda siririyar sandar nan ke fitowa daga cikin shaf akwai wani ɗan ƙaramin sil, ɗan zoben roba da ke hana man giya biyo ta. Abu ne da bai kai girman kwabo ba, kuɗinsa kuma ba wani abu ba ne, amma in ya tsufa man giya zai riƙa tsattsafowa kai tsaye zuwa tsakiyar kuloci. Faifan da ya sha mai zamewa zai yi ko da kaurinsa bai ragu ba. Haka ma sil ɗin shaf ɗin giyabos da na bayan karanshaf, wanda shi baƙin mai yake saki. Wannan sananniyar matsala ce a wannan giyabos. In bara an canza faifai an bar tsofaffin sil, to ga inda aka yi sake. Sake ne, ba lallai cuta ba.

Na uku kebul ne. Kulocin motarka da kebul yake aiki, kuma wanda kamfani ya sa mai daidaita kansa ne. In na'urar daidaitawar ta cije, tana iya riƙe kuloci a ɗan take ko ƙafarka ba ta kai, sai faifai ya yi ta gogar fulawil yana zamewa. Wannan shi ne abin da za a fara dubawa, domin ba ya buƙatar sauke komai. A cire kebul daga hannun da ke saman giyabos, a ga ko hannun yana komawa mazauninsa sakayau. In an yi sa'a abin bai daɗe ba, canjin kebul kaɗai yana iya rage matsalar ko ya kawar da ita. Tun da har ka fara jin ƙauri, ina kyautata zaton faifan ya riga ya taɓu, amma duba ɗin ba ya cin komai.

Na huɗu, Malam, ƙafarka ce, kuma ka yi haƙuri da ni. Mai ɗaukar fasinja a cikin Kano yana yini cikin cunkoso, tsaya ka ɗauka, tsaya ka sauke. In kana cikin masu ɗora ƙafa a kan fedar kuloci suna tafiya, ko masu riƙe mota da haf kuloci a danja da kan gada maimakon taka birki, ko masu tashi da giya ta biyu da mota cike da mutane da kaya a but, to kana cin faifai ninkin yadda mai zuwa ofis ya dawo yake ci. Tsohon faifai na Beljiyam a ƙarƙashin irin wannan tuƙin, wata takwas ko goma ba abin mamaki ba ne.

Abin daɗin shi ne tsohon kulocin zai faɗi gaskiya da kansa ranar da aka fito da shi. Ka ɗauke shi ka kai shi haske. In ka ga fuskarsa a bushe, ta cinye har kawunan ƙusoshin da ke riƙe da ita sun fito suna ƙyalli, to ci ne, ko na tsufan kaya ko na tuƙi. In ka ga ta yi baƙi tana maiƙo, ka shafa yatsa ya ɗauko danƙo, to mai ne. Ka sunsuna, man giya yana da wani wari mai kaifi da ba ya ɓoyuwa, daban da na baƙin mai. In kuma fuskar fulawil da ta firesha filet sun yi tabo-tabo shuɗi, zafi ne ya yi musu yawa saboda doguwar zamewa. Kafin ka ga wannan da idonka, duk abin da ke ranka game da Baba zato ne, kuma ka san abin da ake cewa, zato zunubi ko da ya zama gaskiya.

Shi ya sa nake ganin zuwa wurin Baba shi ne matakin farko, ba guje masa ba. Dattijon nan ya san mahaifinku, ya san Yayanka, kuma a unguwa ɗaya ko gari ɗaya kuke. In ya ji labari, kuma zai ji, cewa ka kwance mota a ƙofar gida don kada ka kawo masa, abin da kake gudun faɗa masa da baki ka faɗa masa da aiki, ta hanya mafi ciwo. Je ka same shi da safe kafin gareji ya cika, ka gaishe shi yadda ka saba, ka ce: “Baba, kulocin nan da aka sa bara ya fara zamewa, ga shi hannuna babu ƙarfi. Ina so a duba a ga me ya jawo, kada mu sa wani ya sake mutuwa. Kuma ina sha'awar in koyi aikin, in ka yarda in tsaya a yi da ni.” Babu zargi a cikin wannan maganar, amma duk abin da kake son sani yana ciki. Makanike mai gaskiya zai ce a kawo a gani, wataƙila ma ya ce dama na gaya maka na Beljiyam sa'a ne. Da yawa daga dattawan nan in aikinsu ya dawo kafin lokaci sukan rage kuɗin hannu da kansu saboda kunya da zumunci. In kuwa ya hau faɗa, ko ya ƙi yarda ka ga tsohon kayan, ko ya ce sil ba ya lalacewa, ka samu amsarka ba tare da ka ɗaga murya ba. Sai ka yi masa godiya, ka ci gaba da gaishe shi a matsayinsa na abokin mahaifinka, motar kuma ka kai wa wanda ya ƙware a Golf. A Kano ba su da wuyar samu, direbobin haya masu Golf za su nuna maka wanda suke kai wa.

Sai Yaya. A nan ina ganin ka juya lissafin. Kana tsoron ya ji kuloci ya lalace ya ce ba ka riƙe amana ba. Kuloci abin ci ne, kowane mai mota ya san haka, kuma motar da aka daina ƙera irinta tun ƙarshen shekarun 1990 ba wanda zai yi mamaki in ta nemi gyara. Abin da zai iya taɓa amana shi ne ya ji cewa motar da har yanzu fiye da rabin kuɗinta nasa ne an farke ta a ƙofar gida ba da saninsa ba, musamman in aikin ya tsaya a rabi. Yana da haƙƙi a cikin wannan motar, kuma mutumin da ya cire kuɗinsa ya saya wa ƙaninsa abin neman abinci ba ya kama da wanda zai ƙi sauraron uzuri. Ka kira shi da kanka, kafin kowa ya riga ka. Ka faɗa masa abin da ya faru da abin da ka shirya yi, sannan ka roƙe shi ya ɗaga maka biyan wata ɗaya ko biyu ka sa kuɗin a gyara. Ba kyauta ka nema ba, jinkiri ka nema, kuma gyaran yana kare dukiyarsa ne kamar yadda yake kare taka.

Maiɗakinka kuma, ka daina kallon maganarta a matsayin barazana. Mace ce da ta hango mijinta a ƙarƙashin mota a kan bulo, ta yi magana ba a ji ba, ta yi kuka ba a ji ba, sai ta kama sunan mutumin da ta san kana jin nauyinsa. Na yarda ba daɗi namiji ya ji an ce za a kai ƙararsa, kuma kana iya gaya mata haka cikin natsuwa daga baya. Amma yau kai za ka fara. Ka ce mata ka fasa maganar bulo, kuma kai da kanka za ka kira Yaya. Ina tsammanin da wannan kaɗai gaisuwar safe za ta dawo daidai. Ka kuma zauna da ita ku yi lissafin kuɗin tare, domin in mota za ta tsaya mako guda ita ce za ta san inda za a matse a cefane.

Yanzu ga abin da nake ganin ya fi maka. Ka raba aikin gida biyu: kaya naka, hannu na makanike, kai kuma kana tsaye. Ka bari a sauke giyabos tukuna kafin ka sayi komai, sannan ka ɗauki tsohon faifai da firesha filet ka tafi da su Ƙofar Ruwa, domin kulocin Golf ba girma ɗaya ba ne, akwai mai milimita 200 akwai mai 210, haƙoran tsakiyar faifan ma ba duka suke daidai ba. A gwada sabo a kan tsoho a gabanka. Ka nemi sabo na kamfanin da aka sani, irin su LuK ko Sachs ko Valeo, ka kuma sani ana zuba jabu a cikin kwalayensu, don haka ka tafi da wanda ya san kasuwar, ka sayi a shagon da zai karɓa in an samu matsala. Kada ka sayi faifai kaɗai. Ka haɗa da firesha filet, da ɗan farantin da zobensa, da sil ɗin nan guda uku, da ɗan bushin da sandar ke gudana a ciki, da sababbin kusoshi 6 na karanshaf, domin irin waɗanda ke miƙewa ne in an ɗaure su, ba a so a maimaita su. Sai man giya kusan lita 2. Boris shi kaɗai ne in kuɗi sun gaza za ka iya jinkirtawa in bai fara ƙara ba, tun da a motarka ana canza shi ta bayan koren murfin nan ba sai an sauke giyabos ba. Na san jimillar za ta fi kuɗin na Beljiyam. Amma wahalar aikin kuloci da tsadarsa duk a sauke giyabos da mayar da shi suke, kuma ka riga ka ga yadda ake biyan wannan sau biyu.

Ka lura, a wannan tsarin kuɗin hannu kaɗai za ka biya, kuma shi ne dama abin da kake son ka tsira da shi in ka yi a gida. To ka auna shi da abin da za ka saya ko ka ara kafin ka iya aikin yadda ya kamata: sitan guda biyu masu ƙarfi, wato ƙafafun ƙarfen da ake zaunar da mota a kai, babban jak mai taya, abin tallafe injin, makulli mai haƙora 12 na kusoshin dirabin shaf (sandunan da ke juya tayoyin gaba), makullin 17 na magudanar man giya, abin saita faifai a tsakiya, da sufana mai awon ƙarfin ɗauri. Wannan ta ƙarshen ba ado ba ce. Ƙananan kusoshin fulawil 9 ɗin nan awon ƙarfin ɗaurinsu 20 Nm ne kacal a jikin wannan sufanar, a ɗaure su a hankali ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, mai ɗaurewa da ƙarfin damtse yana iya tsinke su. In ka haɗa kuɗin waɗannan, da wuya ka ga ribar da kake hange, aƙalla a karon farko. Ga kuma asarar da ba ka sa a lissafi ba. Ƙwararre yana gama wannan aikin a yini guda. Mai koyo in kan ƙusa ɗaya ya murje masa da yammacin Lahadi, Litinin ta same shi da mota a sama, ba makaranta cikin natsuwa, ba fasinja, kuma motar da babu giyabos ba ta tafiya gareji da ƙafarta. Makaniken da za a kira ya ƙarasa aikin da wani ya fara yakan caji fiye da wanda ya fara da kansa.

Ranar aikin ka sa tsofaffin kaya, ka kama musu haska fitila da miƙa sufana, ka ɗauki hoton kowane mataki da wayarka. Ka ga yadda ake cire kan batir kafin a taɓa sitata, yadda ake ɓalle ƙananan sandunan giya ba tare da an kwance maɗaurin babbar sandar ba don kada saitin giya ya ɓace, yadda ake shafa giris ɗan kaɗan a haƙoran shaf don kada ya fantsama kan faifai. Ka lura musamman da lokacin mayar da giyabos: ba a barinsa ya rataya a kan shaf, kuma ba a jawo shi da kusoshi in ya ƙi zama, in ya ƙi to faifai bai zauna a tsakiya ba ne. Ƙurar da ke cikin bakin giyabos kuma kada ka bari a hura ta da baki ko da iska kana kusa, a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, domin wasu tsofaffin faifai da marasa suna suna ɗauke da asbestos mai illa ga huhu. Yini ɗaya a haka zai koya maka abin da bidiyo ba zai iya ba, kuma daga nan babu makaniken da zai sake gaya maka abin da ba ka gane ba a kan kulocin Golf.

In duk da haka ranka ya tsaya a kan sai a gida, ban ce haramun ba ne, mutane suna yi. Amma da sharuɗɗa, kuma ba na rage ko ɗaya. Daɓen siminti mai kwance, ba ƙasa ba. Sitan na ƙarfe a ƙarƙashin wuraren da aka tanada a jikin motar, waigi a tayoyin baya, tayoyin da ka cire kuma ka tura su ƙarƙashin motar su zama kariya ta biyu. Ka jijjiga motar da ƙarfi kafin ka shiga. Yara su yi nisa, kuma kada ka taɓa zama a ƙasa babu babba a kusa. Sannan a samu wanda ya taɓa sauke giyabos ɗin Golf ya kasance tare da kai daga farko har ƙarshe, ko da babban yaron gareji ne ka biya shi kuɗin yini da izinin maigidansa. Yaya ya sani, maiɗakinka ta ga sitan ɗin da idonta. In ɗaya daga cikin waɗannan bai samu ba, a kai gareji.

Kafin kuɗi su haɗu, ka rage wa motar wahala. In zamewar ta kai ga tana yi ko a giya ta biyu da ta uku, ka ajiye ta, domin ci gaba da tuƙi zai ƙona fuskar fulawil ya ƙara maka wani kashin kuɗin, kuma motar da ba ta amsa totur lokacin wuce wata mota ko hawan gada haɗari ce gare ka da fasinjan da ka ɗauka. Mako ɗaya ko biyu a adaidaita sahu ya fi wannan sauƙi. Bayan an sa sabo kuma, ka lallaɓa shi a kilomita 500 na farko, ba lodi mai nauyi, ba fizga, ƙafar hagu kuma ta koma ƙasa da zarar giya ta shiga. Ka rubuto mini abin da kuka gani a jikin tsohon faifan, a bushe yake ko da maiƙo, da kuma abin da Baba ya ce da ya gan shi. Ka gaida Yaya da maiɗakinka da yara.